Zaren Likkafanin Inna

Mun tashi da asuba ranar Asabar, ko azkar ban tsaya na ƙarasa ba. Ni da maigidan ne, a tsohuwar motarsa wadda idan ta kwana ruwa yana dukanta sai an lallaɓa ta kafin ta tashi. Ranar kuwa kwana aka yi ana yi. Ya buɗe gabanta yana taɓa wannan yana taɓa wancan, ni ina tsaye da jaka a hannu ina ta sauya ƙafa, har ya ce in shiga in zauna don tsayuwata ba ta ƙara wa batir wuta.

Masu tambayar ina na shiga kwana biyu, ga abin da ya faru. Kakata ta wajen uwa, wadda duk gidan muke ce wa Inna, likita ya ga ƙari a cikinta. Ya ce a kawo ta ranar Litinin a kwantar da ita a yi aiki, ya kuma ja kunnenmu cewa abin ba ya son jinkiri. Inna ta ce atafau. Ba wuƙar take tsoro ba. Tun tana da ƙarfinta take kaɗa audugar likkafaninta da hannunta, yadda ta ga uwarta ta yi a ƙauye, kuma ta sha alwashin ba za a naɗe ta a yadin kanti ba. Abawa, wato kakkauran zaren da masaƙi yake gittawa, tuni ta gama ta cika wata tsohuwar kwalla da ita. Siririn zaren wadari, wanda ake fara miƙewa a masaƙa, shi ne ya gagare ta, ta ce ido da yatsa sun yi mata sallama. Wani tsohon masaƙi a unguwarmu ya yi mata alkawarin saƙar, amma da abawa zalla ba abin da zai iya.

Kawuna ya sayo zaren kamfani, fari tas. Ta shafa shi sau ɗaya ta ce a kai wa masu ɗinkin hula. Aka kawo malamin unguwa ya yi mata nasiha cewa kowane farin ƙyalle mai tsarki ya wadatar. Ta saurare shi tsaf, ta yi masa godiya, ta ce ai ita ba ta ce haramun ba ne, ba ta so ne kawai. Sharaɗinta ɗaya: ƙafarta ba za ta taka asibiti ba sai ta damƙa wa masaƙi zaren wadari da hannunta, kuma kaɗin ƙawarta Kande, wadda ta baro a wani ƙauye kusa da Turawa. Ba mai lambar wayar Kande, rabon da a gan ta tun wani biki da ni kaina ban iya tunawa. Ni da nake so tsohuwa ta rayu, ni aka tura neman likkafani, kuma raina a ɓace na tafi.

Muka fita ta Kabuga muka ɗauki hanyar Gwarzo gari yana wayewa. Damina ta zauna sosai. Hagu da dama dawa ce da masara sun fi mutum tsawo, gyaɗa ta rufe ƙasa, amma ni ramukan titi nake gani, kowanne cike da ruwa, ba ka sanin zurfinsa sai ka faɗa. A Rimin Gado maigidan ya ce sai ya karya. Ni da na zaci a leda za a ƙulla mana mu wuce, sai ga mutum ya sami benci ya zauna, ya sa an zuba masa koko a kofi, yana jira a kwashe ƙosai mai zafi daga kasko. Ƙosan dai ba laifi, manya ne, abin da za a ba ka uku a cikin gari nan biyar ake ba ka, ga yaji mai tafarnuwa. A tsaye na ci nawa.

Da hantsi muka shiga Ƙaraye. Na ce kafin mu wahalar da kanmu bari in gwada sa'a, ko akwai mai sayar da zaren hannu. Wani dattijo mai kayan koli ya dube ni, ya dubi motar, ya ce rabonsa da ganin zaren hannu a kan tebur tun yana saurayi, amma idan tsofaffin ƙauye nake nema to ban makara ba, akwai ragowarsu. Shi ya kwatanta mana hanyar Turawa. Kafin a isa sai ka fara hango ruwan dam yana ƙyalli ta tsakanin gonaki, ga mata a bakin hanya da farantan soyayyen kifi. Maigidan ya rage gudu yana kallon farantan, na yi gyaran murya, ya ƙara mai.

Abin da ban shirya masa ba shi ne gaisuwa. A cikin gari kana iya cewa sannu ka faɗi abin da ya kawo ka. A nan sai an tambayi gajiya, an tambayi iyali, an tambayi mutanen Kano kamar duka a gidanka suke kwana, an tambayi ruwa, ka ce ruwa ya yi gyara, sannan a koma kan gajiyar. Muka sami dattawa a gindin wata bishiyar ɗorawa, maigidan ya tsuguna aka yi ta yi, ni ina gefe na ƙosa a gama. Da aka zo kan magana kuma sai ga Kande har huɗu a ƙauyen, biyu sun rasu. Sai da na ce mai kaɗi, ƙawar Delu, wato Inna, da aka kai aure birni, sannan wani mai farin gemu ya yi dariya ya ce ai da haka na fara. Ya ce tun da mijinta ya rasu ta koma wajen 'yarta a Yola. Yolar nan ta Ƙaraye nake nufi, kada wani ya ce mun tsallaka Adamawa.

Hanyar ba ta da nisa a baki, amma laka ce ja mai santsi. A wani kwari motar ta nutse har gindi, tayoyi suna juyawa a banza. Mutane uku suka ajiye fartanya suka fito daga gona, suka yi mana sannu, suka tura, laka ta wanke su har wuya. Maigidan ya sa hannu a aljihu suka ce haba, Allah ya kiyaye hanya. Ɗayansu ma ya koma gona ya karyo mana ɗanyar masara.

A Yola muka sami gidan, muka sami 'yar, ba mu sami Kande ba. Matar ɗanta ce ta haihu a Beli, can ƙasar Rogo, ta tafi zaman jego, kuma zaman ya yi mata daɗi ta ƙi dawowa. Na miƙe zan fita, matar gidan ta riƙe mayafina ta ce jikar Delu ba ta shiga gidan nan ta fita da yunwa, uwarta ta ji ai sai ta tsine mata. Dambun masara ne da zogale da man gyaɗa. Ina cikin ci waya ta kama, ga mahaifiyata tana cewa Inna ta yi amai tun safe, ko kunu ya ƙi zama. Daga nan na tsame hannuna daga dambun. Na tambayi matar ko ita ta iya kaɗi, ko akwai ɗan abin da tsohuwar ta bari a ɗaki. Ta ce ita ko riƙon mazari ba ta iya ba, kuma duk inda uwarta za ta, da kayan kaɗinta take tafiya, kamar mai gudun bashi.

Muka koma kan kwalta muka nufi Rogo. Nan ƙasar rake ce, fadama bayan fadama, ga mazarƙwaila a bakin hanya an jera ta faifai-faifai, arha kamar ba a so. Ban bari an tsaya ba. Gabas ta haɗe baƙi ƙirin, kafin mu karya zuwa Beli an fara yayyafi, irin siririn nan da ba ya jiƙa mutum lokaci ɗaya kuma ba ya ɗaukewa. Ana kiran la'asar muka yi sallama a ƙofar gidan. Ɗanta ya shimfiɗa wa maigidan tabarma a zaure, ni na shige ciki.

Goggo Kande 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta fi a ɗauke ta da hannu ɗaya ba. Na same ta a bakin ƙofar ɗaki, ƙafafu a miƙe, sutun auduga a hannun hagu, mazari yana juyawa a kan wata 'yar fata. Takan dangwali alli ta murza, ta ɗaga hannu sama, zaren yana fitowa siriri kamar ba daga audugar yake ba. Da na faɗi ko ni wace ce ta ajiye mazarin, ta jawo fuskata kusa da tata ta daɗe tana kallo, ta ce goshin Delu ne, Allah ya sa ba halin ba ne. Sannan ta bi 'ya'yan Inna ɗaya bayan ɗaya da sunansu, har da waɗanda suka rasu, ina amsawa ina neman inda zan sako maganata.

Can na samu na faɗi abin da ya kawo ni. Ta kira surukarta ta ce ta jawo mata tukunyar da ke ƙarƙashin gado. Aka buɗe, ga kwarkwaron zare jere a cikin farin ƙyalle, kowanne an naɗe shi tsaf. Surukar ta tsaya da murfin a hannu.

"Iya, ai wannan naki ne."

"Na san nawa ne. Ni aka ce za a yanka ranar Litinin?"

Sai a lokacin na gane abin da nake kallo. Ita ma likkafaninta take tarawa, shekara da shekaru, kuma shi ne take turo min gabana. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na ce a'a Goggo, ba za a yi haka ba, amma Allah ya sani a baki kawai na faɗa, zuciyata ta riga ta ɗauke zaren ta sa a jaka. Ita ma ta sani, don ko amsa ni ba ta yi ba.

Na kai hannu zan fara kwasa, ta buge min shi. Ta ja zaren kamar kamu ɗaya daga kwarkwaro ta sassauta, nan take ya murɗe ya nannaɗe kansa. Ta ce ɗanye ne, haka masaƙi zai yi ta fama da shi yana tsinkewa. Sai an warware shi an yi naɗi, an jiƙa a ruwan zafi murɗin ya kwanta, an tsoma a tsararon talge ya yi ƙarfi, sannan a miƙe shi ya bushe. Ba ta yi ba tun da, domin zaren da ya sha talge idan ya daɗe a ajiye kyankyaso ne yake gadonsa. Na ce ai masaƙin zai iya yi a can. Ta ce Delu tana taɓawa za ta san ɗanye aka aiko mata, ita kuwa ba za ta yi wa ƙawarta rabin aiki a kan abin da ba a yi sau biyu ba.

Haka muka zauna. Ni na riƙe kwarkwaro, surukar tana naɗawa tsakanin babban yatsa da gwiwar hannu, jaririnta a baya, tsohuwa tana sa ido. Aka dama talgen farar dawa, aka tace shi ya zama kamar ruwa. Kafin magariba an gama, an rataye naɗin a ƙarƙashin rumfa, an zura taɓarya a ƙasansu don nauyinta ya ja su su miƙe. Saura rana kawai, ita kuwa ba a hannun kowa take ba. Muka ci tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, muka kwana.

Lahadi ta waye da marka. Sama fari fat, ruwa yana ɗiga daga bakin rumfa, zaren sanyi ƙalau kamar yanzu aka tsamo shi. Na fita na duba sama, na dawo na taɓa zare, na koma na duba sama. Goggo Kande ta ce idan ban bar taɓawa ba, da dattin hannuna za a binne Delu. Na ce a matsar da shi kusa da murhu, ta ce hayaƙi zai mayar da shi ja. Maigidan ya aiko daga zaure cewa motarsa tana da hita mai hura iska mai zafi, ita kaɗai ce ma abin da bai taɓa lalacewa a jikinta ba, a shanya a ciki a rufe gilasai. Da aka yi mata bayanin mene ne hita, ta yi dariya har da tari, ta ce a gaya wa angon ya bar wa kansa, zaren da aka busar da ƙarfin tsiya karyewa yake yi. Na ce to mu tafi da shi a jiƙe mu shanya a Kano. Ta ce a leda, da talge, a wannan sanyin, kafin mu isa ya fara tsami.

Waya ba ta kamawa sai an hau wani tudu a bayan gari. Na hau shi ya fi a ƙirga, zanina duk laka. Kawuna ya ce idan Litinin ta wuce ba wanda ya san ranar da za a sake ba mu, ya ce in dawo ko da zare ko babu, za su ɗauke ta da ƙarfi. Mahaifiyata ta karɓi wayar ta ce kada in saurare shi, Inna ta ce duk wanda ya taɓa ta ba ta yafe ba. Na tsaya a kan tudun nan cikin yayyafi na yi kuka, na share, na sauko.

Tsohuwa ta dubi idona ba ta tambaye ni ba. Ta miƙo min mazari da sutu ta ce tun da hannuna ya ƙi zama, ga aikin yi. Na murza, mazarin ya faɗi. Na sake, zaren ya fito wani wuri kamar igiyar guga wani wuri kamar gashi, ya tsinke. Ta ƙulla min, na sake tsinkawa. A nan take ba ni labarin yadda suka koya tare suna 'yan mata a gidan wata gwaggonsu, ana ba kowacce audugarta da safe. Ta ce kada in yarda da zancen ido da yatsa, Delu tun tana da idonta ba ta taɓa gama kwarkwaro ɗaya na siririn zare ba. Abawa take dankarawa ta tashi ta tafi wasa, ita Kande ta kaɗa na wadarin su biyu. Ta ce ashe halin ma na ɗauko, ba goshin kaɗai ba.

Wajen hantsi babba yayyafin ya tsaya, iska ta taso, can sai ga rana ta leƙo. Ban san ina da gudu ba sai ranar. Muka fito da naɗin tsakar gida, aka ɗaura igiya daga rumbu zuwa bishiyar darbejiya, ni na zama mai korar kaji da awaki. Bayan azahar Goggo Kande ta sa aka kawo mata naɗi ɗaya, ta ja shi a kusa da kunnenta, ta sassauta, ya tsaya a miƙe bai murɗe ba. Ta ce to, yanzu ya zama zare.

Ita ta naɗe shi da kanta a cikin farin ƙyallen. Na durƙusa na tambaye ta ita kuma fa. Ta nuna bayan gida da haɓa, ta ce audugar ɗanta ta fara fure.

"In na ga kaka, na sake. In ban gani ba, yadin kanti ya rufe waɗanda suka fi ni. Ke dai kada ki gaya mata nawa ne."

Dawowa ba mu tsaya ko'ina ba, sai a bakin Rogo da maigidan ya rantse ba zai shiga Kano ba mazarƙwaila ba, na ƙyale shi don ya yi ƙoƙari. Ƙullin yana kan cinyata har gida, duk ramin da muka faɗa sai na ƙanƙame shi kamar zai fashe. Ana kiran magariba muka shiga layinmu.

Na sami Inna a jingine da filo, ta rame a kwana biyun nan har na tsorata. Na ajiye mata ƙullin a cinya. Ta kwance, ta zaro sili ɗaya ta bi shi da yatsa, ta ja, ta kai bakinta ta ɗanɗana talgen. Aka aika aka kira masaƙin, ya tsaya daga bakin ƙofa, ta miƙa masa zaren da kwallar abawar da hannunta, ta ce kowa ya shaida. Da ya fita, duk muna jiran ta ce a haɗa kaya. Sai ta juyo wajena.

"Nata ta ba ki."

Na ce Inna wa ya gaya miki. Ta ce Kande ba ta yi wa kowa kaɗi mai wannan sirantakar, ko wanda ta yi mata na aure bai kai haka ba, wannan mutum kansa yake yi wa. Na sunkuyar da kai. Ta daɗe tana goge ido da bakin zaninta. Can ta ce wa mahaifiyata a haɗa jakar asibiti, kuma a saka mata mazarinta da alli da ragowar audugar da ke cikin buhu. Mahaifiyata ta ce Inna asibiti fa za mu, wa zai bar ki ki yi kaɗi a gadon asibiti.

"To in bar Kande da wadari da abawa duka, ita kaɗai, a wannan shekarun? Kafin ta gama wadarinta na gama mata abawar. Ku dai ku gaya wa likitan ya yi aikinsa da kyau."

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Kada ka shiga ƙauyukan Ƙaraye da marka a motar da ba ka yarda da ita ba, kuma kada ka yi tunanin za ka gajarta wa mutanen can gaisuwa. Na tafi ina ganin taurin kan tsohuwa ne zai kashe ta, ina ƙorafi a zuci tun daga Kabuga har Beli. Mu duka, da likita da malam da kawuna, mun yi ta ba ta dalilan da za su sa ta je asibiti, ba wanda ya ba ta dalilin da zai sa ta so fitowa, sai wata tsohuwa da ba ta ma san ta yi ba.

Daga barandar asibitin nake rubuta wannan, kuma har yanzu na kasa zama wuri ɗaya. An kwantar da ita jiya, gobe da safe za a shiga da ita. Ɗazu wata ma'aikaciyar jinya ta ce a fitar da buhun audugar daga ƙarƙashin gado, Inna ta ce sai dai a fitar da su tare. Ku sa ta a addu'a, tana da aiki a gabanta.